Ajiyar zuciya a lokacin da rumbu ya yi ƙasa

Daga watan Yuni zuwa farkon Satumba, a ƙauyukan gundumomin Tasawa da Mayahi, aiki ya fi yawa, cimaka kuma ta fi ƙaranci. Gero yana gona bai nuna ba, na rumbu ya ƙare ko ya kusa, tiya ta yi tsada a kasuwa, ga zazzaɓin cizon sauro ya sauka kan yara. Tun daga Korgom da Maijirgi har Kanembakashe, wanda ya ga yunwar 1984 da ta 2005, da zarar ruwa ya ɗauke kwana goma sai barci ya ƙaurace masa.

A irin wannan hali ne mutum kan yanke shawarar da zai yi nadama. Maigida ya sayar da akuya a wulaƙance, ko ya karɓi bashin da zai cinye masa rabin girbi. Uwargida, wadda mijinta ya tafi cin rani bai komo ba, ta huce haushinta kan yaro. Saurayi kuwa ya nemi sauƙi wurin tramol.

Bahaushe yana da suna mai kyau ga dogon numfashin da kan kuɓuce wa mai damuwa: ajiyar zuciya. Likitoci sun tarar sunan bai yi ƙarya ba. Idan tsoro ko fushi ya kama mutum, numfashinsa yakan gajarce ya tsaya a ƙirji, zuciya ta ƙara sauri, jini ya hau. Sa'ad da ya fitar da iska a hankali kuwa, wata jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki takan rage bugun. Babban mutum a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 cikin minti guda. Abin nema shi ne ya sauko wajen sau 6.

Yadda ake yi ba wuya. Mutum ya zauna, ya kafa tafin ƙafarsa a ƙasa, ya ɗora hannu kan ciki. Ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga huɗu har cikin ya taso, ya sake ta sannu yana ƙirga shida. Tunanin bashi zai dawo, ba makawa. Kada ya yi kokawa da shi. Ya lura da zuwansa, sannan ya mai da hankali ga abin da ke gabansa: inuwar gawo, kukan kurciya, sanyin yashi a ƙafa. Minti biyar da safe, biyar kafin kwanciya, sun isa mai farawa. Wanda ya ji jiri ya dakata, ya yi gaggawa ne.

Wannan natsuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar. Matan Gulbin Kaba da ke saƙar tabarma, ido da hankali duk na kan hannu, sun san ta ko ba su sa mata suna ba. Haka dattijon da ke jan tazbi bayan asuba. A shekarar 2001 wani likitan Italiya, Luciano Bernardi, ya auna masu maimaita addu'ar carbi ta Kirista da masu wuridin yoga na Indiya, ya ga numfashinsu ya sauka wajen sau 6 a minti ba tare da an umurce su ba.

Abin da ya kamata ma'aikatan hukuma su duba shi ne gwajin da aka yi a arewacin Uganda, aka bayyana sakamakonsa a 2020. Mata 694 ne, ƴan gudun hijira daga Sudan ta Kudu. Aka koya wa wani kashi nasu irin waɗannan dabaru da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta tsara, cikin zama biyar, ta hanyar murya da aka naɗa da littafi mai hotuna. Masu jagorar zaman ba likitoci ba ne. Bayan wata uku damuwarsu ta fi ta sauran raguwa. Abin da aka iya yi a sansanin gudun hijira, ajin yaƙi da jahilci ko taron ƙungiyar mata ba zai gagare shi ba.

Sai dai numfashi ba ya cika rumbu, ba ya kuma maye gurbin magani. Mai hawan jini ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa. Wanda ya yi mako biyu ba barci, ba marmarin abinci, ko rayuwa ta fita daga ransa, danginsa su kai shi gidan likita mafi kusa. Mai ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kuwa, a kai shi ran nan, kada a jira wayewar gari.