Ƙauyukan Kenya da suka daina sare daji, suka koma cin moriyarsa

A gaɓar Gazi da ke gundumar Kwale, kudu da birnin Mombasa, akwai wani daji da ke tsaye a cikin ruwan gishiri. Idan ruwan teku ya janye, sai ka ga saiwoyin itatuwan sun fito sun yi gicce a kan taɓo. Mangurof ake kiran waɗannan itatuwa, masu jin Suwahili kuma suna ce musu mikoko.

Shekara da shekaru mutanen Gazi da maƙwabtansu na Makongeni sun dogara da dajin. Daga nan suke samun itacen girki da sandunan gini. Da saran ya yi yawa, sai igiyar ruwa ta fara cinye gaɓa, kifi kuma ya ja baya, domin a tsakanin saiwoyin nan ƙananan kifaye da ƙaguwa ke fakewa har su girma.

Hana mai neman abin dafa abinci shiga daji ba ya ɗorewa, sai an nuna masa wata mafita.

Yadda iska ta zama kuɗi

A shekarar 2013 ƙauyukan biyu suka fara shirin Mikoko Pamoja, wato "mangurof tare". Sun samu goyon bayan cibiyar binciken teku da kifi ta Kenya, KMFRI, da hukumar kula da gandun daji ta ƙasar, da ƙungiyar ACES ta Sikotlan.

Mangurof na zuƙe iskar kabon mai ɗumama duniya, ya binne mafi yawanta a cikin taɓon da ke ƙarƙashinsa. Idan aka sare dajin, iskar za ta koma sama.

Don haka mutanen suka keɓe hekta 117 suka haramta sara a ciki. Suna auna itatuwan, su dasa sababbi inda aka ɓarnata. Gidauniyar Plan Vivo ke tantance aikin, sannan a sayar da shaidar kimanin tan 3,000 na kabon a shekara ga kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane masu son rage laifinsu na gurɓata iska.

Ina kuɗin ke zuwa?

Ba wani ke yanke musu hukunci daga birni ba. Jama'a ke zama a taron gari su zaɓi abin da za a yi da rabonsu. Ta haka aka samar da ruwan sha, aka gyara azuzuwa, aka sayi littattafan makaranta. Sauran kuɗin na tafiya wajen biyan masu gadin daji da masu rainon dashe.

Sun kuma shuka itatuwa masu saurin girma a kan tudu, domin mai buƙatar sandar gini ya samu ba tare da ya taɓa mangurof ba.

A 2017 shirin ya lashe kyautar Equator ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2019 mutanen Vanga, kusa da iyakar Tanzaniya, suka ƙaddamar da irin nasu.

Sauran rina a kaba

Dashe ba ya kamawa ko'ina. Inda gaɓa ta riga ta zaizaye, igiyar ruwa kan tumɓuke ƙananan tsirrai, shi ya sa kare dajin da ya rage ya fi sauƙi a kan dawo da wanda ya tafi. Ɓarayin itace ma ba su ƙare ba.

Kasuwar kabon ita ma tana da masu suka, waɗanda ke ganin tana bai wa manyan kamfanoni damar ci gaba da gurɓata iska suna biyan 'yan kuɗi. Farashinta kuma yana hawa da sauka.

Duk da haka, wanda ke ɗibar ruwa a famfon da kuɗin daji ya kawo, ba sai an yi masa dogon bayani ba kafin ya tare mai gatari.