Tasawa da Mayahi: Idan Sitarni Ta Kife, Jandarma Ne Ke Fara Isa Wurin

Tun daga watan Nuwamba na 2011, lokacin da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a jahar Damagaram, babbar hanya mai lamba ɗaya ta ƙara ɗaukar nauyi. Sitarni cike da esansi da gazuwal, da motocin gaz na girki, suna tasowa daga can, su ratsa Maijirgi, su keta garin Tasawa, su wuce Gazawa da Agiye da Cadawa kafin su kai Maraɗi, wasu kuma su zarce har Yamai. Kowace ɗaya tana ɗauke da dubban litoci, kuma tana bi ne ta bakin tasha da rumfunan masu shayi da teburan masu sayar da mai a kwalabe. Ranar da ɗaya daga cikinsu ta kife, ba ƴan kwana-kwana ne za su fara isa wurin ba. Jandarman da ke tsare da shinge, ko ɗan sandan da ke bakin aiki a mararraba, shi ne zai fara tsayawa a gaban abin, kuma abin da ya yi cikin mintoci goma na farko shi zai nuna yawan gawawwakin da za a ƙirga da safe.

Wannan ba zato ba ne, ƙasar nan ta riga ta gani. A daren 5 zuwa 6 ga watan Mayu na 2019, wata sitarni ta kife kusa da filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai. Mutane suka sheƙo da bido da bokiti domin kwasar man da ke malala, wuta ta tashi, aƙalla mutum 55 suka rasu nan take, daga baya adadin ya haura 70. Shaidu sun danganta tartsatsin da injin wani babur. A Majiya, cikin jahar Jigawa ta Najeriya, ranar 15 ga Oktoba 2024, abin ya fi haka muni: fiye da mutum 150, waɗanda aka binne da yawansu a kabari guda. Ƴan sandan can sun ce sun yi ƙoƙarin korar jama'a, amma taron ya fi ƙarfinsu. Bayan wata uku, ranar 18 ga Janairu 2025, a mararrabar Dikko ta jahar Neja, aka sake rasa fiye da mutum 80 wajen juye mai daga wata sitarni zuwa wata da taimakon janareta. A dukkan wuraren nan uku, faɗuwar motar ba ita ta kashe mutane ba. An samu tazara tsakanin faɗuwa da tashin wuta, kuma cikin wannan tazarar ne mutane suka taru.

Abu na farko da ya kamata mai kaki ya iya shi ne karatun motar daga nesa. Sitarnin da ke bin ƙa'idar duniya tana da faranti ruwan lemo, gaba da baya, mai lambobi hawa biyu. Lambar sama tana faɗin irin haɗarin, ta ƙasa tana faɗin sunan kayan bisa jerin Majalisar Ɗinkin Duniya. 33 bisa 1203 esansi ke nan, wanda maƙwabta ke kira fetur. 30 bisa 1202 gazuwal. 30 bisa 1223 kananzir. 23 bisa 1965 gaz na girki. Idan aka ninka lamba, kamar 33, haɗarin ya ninku. Idan harafin X ya zo gaban lambar sama, kayan ba ya shiri da ruwa, kada a kuskura a watsa masa. Akwai kuma alamomi masu siffar lu'ulu'u: ja mai harshen wuta na abin da ke kamawa, fari mai ƙoƙon kai na guba. Gaskiya ne ƙura da tsufa sun cinye farantin motoci da dama, wasu ma ba su taɓa samunsa ba, amma takardun kaya suna cikin kan motar, direba kuma, in yana da rai, ya san abin da ya ɗauko.

Bambancin 33 da 30 ba ƙaramin abu ba ne. Gazuwal sai ya yi zafi sama da digiri 55 kafin tururinsa ya kama wuta. Esansi kuwa yana fitar da tururi mai kamawa ko cikin tsananin hunturu, balle a zafin bazara na Tasawa. Tururin nan ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama. Yana bin ƙasa, ya gangara cikin rami da magudanar ruwa da ƙarƙashin gada, ya yi tafiya mai nisa ba a ganinsa, har ya tarar da murhun mai tsire ko guntun taba, sannan wutar ta biyo shi baya zuwa jikin motar. Saboda haka jandarman da ya tuƙo motarsa har gindin sitarni, ya bar injin yana aiki, ya kawo ashana ne da kansa. Ana tsayawa daga nesa, ta gefen da iska ke fitowa, a kan tudu in akwai shi, a kashe inji. Littafin jagora da masu agajin gaggawa ke aiki da shi a Amurka da Kanada ya tsayar da awo: aƙalla mita 50 kewaye da man da ya zube, mita 300 ta inda iska ke kaɗawa in zubar ta yi yawa, mita 800 ta kowane ɓangare in wuta ta kama jikin sitarnin. Daga nan a tare hanya gaba da baya, a kira lamba 18, a sanar da perfe da likita, a faɗa musu lambobin da ke kan faranti.

Mita 800 a takarda abu ne mai sauƙi. A bakin kwalta, jandarma uku ne ko huɗu a gaban samari ɗari biyu da suka san abin da bido guda zai kawo musu a kasuwa. Harbi sama ba dabara ba ce inda tururin mai ya cika wuri, kulki kuma bai taɓa tsayar da mai jin yunwa ba. Abin da ke da amfani ana yin sa ne tun kafin ranar: kwamandan birgadi ya zauna da sarakunan gargajiya da masu unguwa da limamai da shugabannin tasha da na ƴan kabu-kabu, a san wanda zai tare wace hanya, a san wanda zai ɗauki lasifikar masallaci ya yi shela. Muryar limamin unguwa tana kaiwa inda usur ba ya kaiwa. Gidajen rediyon karkara su ma suna da nasu rabo, don labarin Majiya ya kamata yaron Maijirgi ya ji shi da Hausarsa.

A Mayahi da ƙauyukanta, irin su Kanambakashe da Isawan, sitarni ba ta kai ta babbar hanya yawa ba, amma akwai wani haɗarin da ba ya ƙara, wato maganin ƙwari. Ƙasar wake ce, kuma mai ajiyar wake ya san ƙwayar nan ta fostoksin da ake jefawa cikin buhu domin kashe ƙwaro. Ƙwayar tana haɗuwa da laimar iska ta saki iskar fosfin, mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, wadda ke iya kashe mutumin da ya kwana a ɗaki guda da buhunan. Jami'in da aka kira gidan da aka tarar da mutane a sume bai kamata ya faɗa ɗakin kai tsaye ba: a buɗe ƙofa da taga, a fito da mutane sarari, kada a zuba wa ƙwayar ruwa, domin ruwa ƙara mata ƙarfi yake yi. Buhun PICS mai hawa uku, wanda masu bincike na INRAN a Maraɗi suka taimaka wajen gwadawa da yaɗawa tun daga 2007, yana adana wake ba tare da magani ba, kuma duk ɗan kasuwar da ya koma gare shi ya rage wa brigadi aiki guda.

Magungunan feshi kuma, waɗanda da yawansu ke shigowa ta iyakar kudu ba tare da amincewar kwamitin CILSS mai tantance su ba, ana gane wanda suka taɓa da zubar yawu da gumi da ƙanƙancewar ƙwayar ido da wahalar numfashi. A cire masa tufafin da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, mai wankin ya sa safar hannu ko leda. Al'adar ɗura wa mutum madara ko manja, ko tilasta masa amai, ba ta cire guba, tana iya tura ta cikin huhu. A kai shi asibiti tare da kwalbar maganin, don likita ya karanta sunan ya san allurar da za ta yi aiki.

Saura kayan da hukuma ta kama da hannunta. Duwan da jandarma suna ƙwace bidon esansi da kwalayen magani a hanyoyin Korgom da Hawandawaki da sauran mashigai, kayan kuma sukan jima suna jiran hukuncin shari'a. Ba a haɗa mai da magani a ɗaki guda, ba a ajiye su kusa da inda ake tsare mutane ko inda ake dafa shayi. Wuri ne mai inuwa da iska, nesa da ofis, da tulin yashi a kusa. Maganin ƙwarin da aka kama kuwa, ma'aikatan kare tsirrai na hukumar noma ne ya kamata a miƙa wa, ba a ƙona shi ko a binne shi a bayan gari inda ruwan damina zai kai shi rijiya ba.