Motar Italiya a Briqueterie: sauƙin saye, wuyar riƙo

Motocin Italiya ba iri ɗaya ba ne, ko da yake bakin mutane yakan haɗa su wuri guda. Akwai Fiat, wadda aka kafa a birnin Turin a 1899, motar talaka da ma'aikaci. Akwai Lancia ta 1906 da Alfa Romeo ta 1910, waɗanda aka san su da gudu da kyawun ƙira. Sama da su akwai Maserati da Ferrari da Lamborghini, na masu hannu da shuni. A gefe kuma ga Iveco, mai ƙera manyan motocin kaya da bas, wadda aka haɗa a 1975. Fiat ta haɗiye Lancia a 1969, Alfa Romeo a 1986, Maserati a 1993, sannan a Janairun 2021 ita ma ta shiga inuwa ɗaya da Peugeot da Citroën da Opel ƙarƙashin kamfanin Stellantis. Wannan auratayya tana da tasiri kai tsaye a aljihun mai mota a Kamaru, kamar yadda za a gani.

A Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa ta Yawunde, wadda ta samo sunanta daga masana'antar bulo ta zamanin Jamusawa, mota kayan aiki ce kafin ta zama ado. Ita ke ɗauko dilar atamfa da shadda, ita ke kai nama wurin masu tsire, ita ke kai yara makaranta. Wanda ya tsaya bakin titi kusa da babban masallacin unguwar ya ƙirga abin da ke wucewa, zai ga rawayen tasi bayan rawayen tasi, kusan dukkansu Toyota ne: Corolla, Starlet, Carina, Yaris. Fiat sai jefi-jefi, Alfa Romeo kuwa sai an yi sa'a. Wannan ƙirga ita ce mabuɗin dukkan lissafin riƙon motar Italiya a wurin, domin abin da ya yi yawa a titi shi ne kayan gyaransa ke cike da shago, shi ne kuma kowane yaron gareji ya iya kwancewa da ɗaurawa ido rufe.

Yawancin ƙananan motocin da ke shigowa Kamaru na hannu ne daga Turai, waɗanda 'yan gari ke yi wa laƙabi da Faransanci da ma'anar daskararru, kamar kifin firji. Da yawa ana tattara su a unguwar Heyvaert ta Burasal, a loda su a tashar Antwerp, a sauke a Duwala, sannan a yi tafiyar kilomita kusan 240 zuwa Yawunde. Abin dariyar shi ne, jiragen ruwan Grimaldi, kamfanin Italiya na birnin Naples, suna cikin manyan masu wannan jigila, amma abin da suke cika cikinsu da shi motocin Japan ne. A kasuwar Turai tsohuwar Punto ko Alfa 147 takan fi Corolla sa'arta araha nesa ba kusa ba, saboda dillalan Afirka sun yi wa Corolla rubdugu sun ɗaga farashinta. Wannan arahar ce ke jan hankalin mai ƙaramin ƙarfi, kuma ita ce tarkon farko.  Dokar kuɗi ta Kamaru tana ƙara haraji a kan tsohuwar mota, wadda ta fi tsufa kuma nata ya fi nauyi. Saboda haka ribar da aka ci a Burasal wani ɓangarenta yakan narke a tashar Duwala.

Mummunan sunan da ke bin motocin Italiya yana da asali, ba ƙage ba ne, sai dai ya tsufa. A shekarun 1970 tsatsa ta yi wa Alfasud kaca-kaca, motar da ake ƙerawa a Pomigliano d'Arco kusa da Naples. A 1980 jaridun Ingila suka yi ca a kan Lancia Beta, wadda ƙarfen da ke riƙe injinta yake ruɓewa, har kamfanin ya riƙa sayen motocin daga hannun masu su yana niƙewa. Lancia ba ta sake farfaɗowa a Ingila ba, ta tattara ta bar kasuwar kafin tsakiyar shekarun 1990. Fiat ma ta fice daga Amurka a 1983, ba ta koma ba sai 2011. Amma tun daga Tipo ta 1988 Fiat ta fara lulluɓe ƙarfen jikin motocinta da sinadarin hana tsatsa, kuma wannan ciwo ya ragu ƙwarai. Tsatsar da ake gani yau a ƙarƙashin motar da ta sauka Duwala yawanci gishirin da Turawa ke barbaɗawa a titi lokacin ƙanƙara ne ya haddasa ta, kuma ba ta tambayar mota ƙasarsu.

Ta fuskar inji, Fiat ba ta da abin kunya. Injin da ake kira FIRE, wanda ya fito a 1985 ya shiga Uno da Panda da Punto, ƙarami ne, mara tarkace, mai shan mai kaɗan. A tsofaffin masu bawul takwas, da yawansu ko bel ɗin taimin ya tsinke fistin ba ya dukan bawul, sai a sa sabo a tashi. Rauninsa zafi ne: idan lagireto ya yi yoyo ko fanka ta mutu a cunkoson hanyar Mokolo da rana tsaka, gaskit ba ya jira. Tsarin feshin man dizal na zamani da kusan duk duniya ke amfani da shi yau, injiniyoyin Fiat ne suka raine shi kafin a miƙa wa Bosch, kuma Alfa Romeo 156 ce ta fara fitowa da shi a 1997. Ƙaramin injin dizal na Fiat mai 1.3 ya yi farin jini har Opel da Suzuki da Tata suka sa shi a motocinsu. Wanda ya ce Italiyawa ba su iya inji ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Inda gizo ke saƙa shi ne wuta da ƙananan kaya. Punto ta 1999 ta zo da sitiyari mai aiki da lantarki, wanda idan ya fara ciwo sai jar fitila ta kama a gaban direba, sitiyarin ya sandare kamar na tirela, sau da yawa a tsakiyar kwana. Wani lokaci raunin batir ne kawai, wani lokaci sai an canja sandar sitiyarin gaba ɗaya. Giyar da ke canja kanta, wadda Alfa ke kira Selespeed, Fiat kuma Dualogic, giyar hannu ce aka ɗaura wa famfo da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ba ta son tsaya-tashi a kan tudu, alhali Yawunde gari ne da ake yi wa kirari da tuddai bakwai. Sai kuma makulli. Fiat ɗin tsakiyar shekarun 1990 suna zuwa da jan makulli guda, uban makullai, wanda da shi ake koya wa motar sabon makulli. Mai mota a Turai yakan manta da shi a aljihun tebur, motar ta iso Afirka da makulli ɗaya tal. Ranar da wannan ya ɓace ko ya daina magana da motar, sai ta ƙi tashi ƙememe, kuma gyaran yakan kai ga canja ƙwaƙwalwar injin.

Alfa Romeo tana da nata sharuɗɗan. Injinta mai suna Twin Spark silinda huɗu ne amma filogi takwas, babba da ƙarami a kowace silinda, don haka abin da mai Corolla zai saya huɗu, mai Alfa ninki zai saya, kuma ƙananan ba a kowane shago ake samunsu ba. Injin yana shan baƙin mai ko yana lafiya, ya zama dole a riƙa zaro sanda ana dubawa. Bel ɗin taimin ɗinsa da farko an ce yana kaiwa nesa, daga baya kamfanin da kansa ya rage wa'adin zuwa kilomita 60,000 ko shekara uku, saboda idan ya tsinke bawul-bawul sun tafi. Ƙafar gaba ta 156 da 147, wadda ke sa motar ta kwanta a kwana kamar an zana ta, tana da hannuwa da bushi masu saurin gajiya ko a titin Turai, balle a lungunan da ruwan damina biyu ke rarakewa kowace shekara. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar ita ce yawancin masu saye ba a gaya musu rariya ce ba.

Ƙaramin misali yana nuna yadda rashin 'yan'uwa ke zama tsada. Ƙusoshi huɗu na wilin yawancin ƙananan Fiat suna kan da'irar milimita 98, na Corolla da Starlet kuwa 100. A ido babu bambanci. Mai mota ya fasa wili a rami, mai faci ya ɗauko mai milimita 100 a bayan rumfa, ya ɗora, ƙusoshin suka shiga da ɗan gardama, ya danne su da ƙarfin tsiya. Motar za ta tafi, amma ƙusoshin a karkace suke zaune, sitiyari ya fara rawa, wata rana su kwance ko su karye. Milimita biyu ne kacal suka raba gyaran minti goma da yawon kwana biyu tsakanin shagunan Mvog-Ada, ko bugun waya zuwa Camp Yabassi ta Duwala, inda babbar kasuwar kayan gyara take. Idan can ma babu, sai oda daga Turai. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, farashin da ba ya motsi, don haka kayan yuro 100 ya haura sefa 65,000 tun kafin kuɗin jirgi da na kwastan da la'adar wanda ya kawo. A duk tsawon jiran, motar tana kan duwatsu, mai ita yana biyan tasi. Wannan asarar kwanaki ba ta fitowa a rasit, amma ga ɗan kasuwa ita ce mafi ciwo.

Hannun bakanike ma kuɗi ne. Wanda bai saba da mota ba yana koyo ne a kanta, kuma mai motar ke biyan kuɗin makaranta: a canja wannan, ba shi ba ne, a canja wancan. Sababbin injunan Fiat masu tsarin MultiAir, da suka fito daga 2009, da matsin baƙin mai suke buɗe bawul, saboda haka man da ake aunawa daga duro a bakin titi guba ne gare su. Masu dizal na bayan-bayan nan kuma suna da matatar hayaƙi a salansa, wadda aka tsara don man Turai mai ƙarancin farar wuta da doguwar tafiya. Gajerun zirga-zirgar cikin gari da man bumburutu da ake kira zuwa-zuwa suna toshe ta.

A wajen shan mai ne ƙananan motocin Italiya ke rama wa kansu. Gwamnatin Kamaru ta ɗaga litar fetur daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, sannan zuwa 840 a Fabrairun 2024, dizal kuma ya kai 828. Tun gobarar matatar SONARA ta Limbe a 2019 ƙasar ke sayo tataccen mai daga waje. A farashin sefa 840, motar da ke shan lita 6 a kilomita 100 tana cin sefa 5,040, mai shan lita 10 kuma 8,400. Panda da Punto suna kusa da ta farko, Alfa mai babban inji tana kusa da ta biyu ko ta zarce a cikin gari. Inshora da kuɗin hatimin shekara, wanda tun 2017 kamfanonin inshora ke karɓa tare, ƙarfin inji suke bi, haka ma binciken lafiyar mota ba ya duba tambari.

Akwai kuma motocin da tambarinsu kawai na Italiya ne, ko kuma suna da tagwaye a wani gida, kuma su ne suka fi sauƙin riƙo. Ducato, Peugeot Boxer da Citroën Jumper a masana'anta ɗaya ake haɗa su a garin Atessa na Italiya. Scudo 'yar'uwar Peugeot Expert ce. Sedici Suzuki SX4 ce da aka ƙera a Hangari, Fullback kuma Mitsubishi L200 ce daga Tailan. Grande Punto ta 2005 ƙashin bayanta ɗaya da Opel Corsa ta 2006, har wilinta ya koma milimita 100. Mai irin wannan mota da ya san sunan tagwayenta yakan samu kaya a shagon da aka ce masa babu.

Manyan motoci sun riga sun nuna cewa ƙarfen Italiya yana iya jure Afirka idan kayan gyara na kusa. Fiat 682, wadda aka fara ƙerawa a 1952 aka ci gaba fiye da shekara talatin, ta yi suna daga Habasha da Somaliya har Najeriya wajen ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta. A Kano, kamfanin National Trucks Manufacturers da ke hanyar Zariya ya haɗa manyan motoci da taraktocin Fiat, a zamanin da Peugeot ke Kaduna, Steyr ke Bauci, Volkswagen ke Legas. Haɗa Fiat ɗin ya durƙushe a shekarun 1980, amma ya bar direbobi da makanikan da suka san injin ciki da bai. A arewacin nahiyar ma haka abin yake: Maroko ta haɗa Uno a shekarun 1990, Aljeriya ta buɗe masana'antar Fiat kusa da Oran a ƙarshen 2023, kuma a can ba a kallon Fiat a matsayin baƙuwar da ake tsoro.

Maserati da Ferrari da Lamborghini lissafinsu dabam ne. Ƙasa-ƙasa suke, kan titi mai kunya ko rami cikinsu ke gogar ƙasa, kuma gyaransu yana buƙatar na'urar kamfani da ƙwararren da sau da yawa sai an ɗauko shi daga waje.

Ranar sayarwa ce ke rufe lissafin. Corolla a Briqueterie kamar zinariyar mata take, yau aka fitar gobe an saya, domin ko ba komai za ta shiga tasi. Fiat ko Alfa takan daɗe da galan, alamar sayarwa, a kan rufinta, dillali yana rantsuwa, masu tayi suna yi mata tayin wulaƙanci. Shi ya sa masu sanin harkar, kafin su biya, suke neman ganin makullai duka da takardar da ta nuna ranar da aka canja bel ɗin taimin, su kunna motar su tabbatar kowace fitilar gargaɗi ta kama sannan ta mutu da kanta, ba cire ƙwanta aka yi ba, su leƙa ƙarƙashi su ƙwanƙwasa ƙarfe. Daga nan sukan ɗauki lambar jikin motar su zaga Mvog-Ada, su tambayi farashin famfon ruwa da kulocinta da fitilar gaba, su ji ko akwai su a kanta ko sai an yi oda.