Yadda Guba Ke Tara Kitse a Hanta

Idan likita ya ce hantar mutum ta yi kitse, nan take ake zargin nama da man shanu. Sau da yawa zargin yana kan hanya, amma akwai wata hanyar da ba ruwanta da ƙiba, wadda ramamme ma kan faɗa mata, ita ce ta guba. Kullum hanta tana karɓar maiƙo daga jini, ta ƙona wani don samar da kuzari, sauran kuma ta ƙunsa shi cikin wani furotin da take ƙerawa da kanta, ta tura shi sassan jiki. Wannan furotin kamar buhu yake ga mai hatsi: in babu shi, kaya ba ya fita daga shago ko da mota na jira a ƙofa. Binciken da aka daɗe ana yi a kan beraye da sinadarin kabon tetarakolorayid ya nuna cewa gubar tana lalata wurin da ake ƙera furotin ɗin, sai kitse ya maƙale cikin ƙwayoyin hanta, har ta kumbura, launinta ya koma rawaya-rawaya. Barasa kuwa ta wani gefen take ɓullowa: tana hana hanta ƙona maiƙo, tana kuma sa ta ƙera sabo. Da zarar kitsen ya haura kashi 5 cikin 100 na nauyin hanta, likitoci na ɗaukarsa matsala.

Mai karatu zai iya cewa shi ba ya shan giya, ba ya aikin masana'anta da zai haɗa shi da irin wancan sinadari, to ina ruwansa. Ruwansa yana cikin rumbu. Gyaɗa da masarar da aka ajiye da danshi suna yin funfuna, ita kuma tana fitar da gubar afilatoksin, wadda dahuwa ko suya ba sa kawar da ita, ko da an mayar da gyaɗar ƙuli-ƙuli. An gano ta bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abinci mai garin gyaɗa. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kwantar da mutum 317 a Kenya, 125 suka rasu. Taruwar kitse na cikin ɓarnar da wannan guba ke yi wa hanta.

Wasu kan ce ai hanta tana warkar da kanta. Gaskiya ne, kitsen kan janye idan gubar ta daina shigowa, kuma nan ne gizo ke saƙar. Wanda ke cin gurɓataccen hatsi shekara da shekaru bai ba hantarsa hutu ba, kuma idan yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin kamuwa da sankarar hanta yana ninkuwa. Shi ya sa nake ganin maganin ya fi kusa da manomi fiye da asibiti. A busar da amfanin gona sosai, a ɗora buhu a kan katako maimakon ƙasa, a tsince gyaɗar da ta yi baƙi ko ta yanƙwane a zubar, kada a ba wa kaji ko shanun tatsa.