*GYAMBON ƘAFA: ABIN DA KE KAWO SHI DA YADDA AKE KULA DA SHI*

Yau za mu yi bayani ne kan gyambon da ke fitowa a saman idon sawu, ya yi watanni yana ruwa bai warke ba. Da yawa sai a ce jifa ne ko an taka wani abu, alhali galibi matsalar jijiyoyin jini ce.

*Me ke kawo shi?*
Jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya suna da 'yan ƙofofi masu hana jini komawa ƙasa. Idan ƙofofin suka lalace, sai jini ya taru a ƙafa, ta kumbura, fata ta yi baƙi tana ƙaiƙayi. Daga nan ɗan ƙwarzane kaɗan ya isa ya zama gyambo. Doguwar tsayuwa, ƙiba, yawan haihuwa, tsohuwar karaya da daskarewar jini a jijiya duk suna jawo shi.

*Matakin farko*
Duk ciwon ƙafar da ya wuce mako 2 bai kama hanyar warkewa ba, a kai shi asibiti. A gwada suga, a duba sikila, domin su ma suna kawo gyambo kuma maganinsu daban ne.

*Babban maganinsa*
Ɗaurin matsi ne, wato bandeji na musamman da ake naɗawa daga gindin yatsu zuwa ƙasan gwiwa, yana taimaka wa jini ya hau sama. Amma fa ma'aikacin lafiya ne zai ɗaura, bayan ya auna ya tabbatar jini na isa ƙafar yadda ya kamata. Wanda hanyar jininsa ta toshe, idan aka matse shi zai iya rasa ƙafar. Da wannan ɗauri, gyambo da yawa na warkewa cikin wata 6.

*A gida*
• A ɗaga ƙafa kan matashi ta fi ƙirji tudu, kamar minti 30, sau 3 ko 4 a rana.
• A riƙa ɗan tattaki, domin tsokar sharaɓa ita ke tura jini sama.
• A ci wake, ƙwai, kifi da ganye. A bar sigari.
• Kada a sa toka, baƙin mai ko kashin shanu. Ƙwayoyin cuta kawai suke ƙarawa.
• Zuma abu ne mai albarka, amma ba ta maye gurbin ɗaurin. Kada a zuba komai ƙarƙashin bandeji ba da sanin nas ba.
• Ba a shan maganin kashe ƙwayoyin cuta sai likita ya ga ciwon ya harbu.

*Alwala fa?*
Ba sai an kwance ba. Malamai sun yi bayanin halaccin shafa a kan ɗaurin ciwo, kuma wanda tsayuwa ke cutar da shi zai iya sallah a zaune.

*A garzaya asibiti* idan an ga zazzaɓi, mugunya mai wari, zafi da kumburi suna bazuwa, ko yatsu sun yi sanyi sun mutu bayan ɗauri.

Bayan an warke, a lizimci safar matsi, domin gyambo yana son dawowa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa domin su amfana.