Zane Mai Harshen Damo: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Masu zanen Turai na ƙarshen ƙarni na 18 ba sa ajiye ko tsinke a takarda a banza. Mujiya, iska, doki, kowanne da saƙon da aka ɗora masa.

A 1791 Jacques-Louis David ya zana rantsuwar da wakilan talakawan Faransa suka yi a wani ɗakin wasan ƙwallo a Versailles ranar 20 ga Yunin 1789. A gaba-gaba ya sa malaman Kirista uku rungume da juna, 'yan Katolika biyu da ɗan Furotesta ɗaya, alamar gaba ta ƙare. Abin dariyar, ɗayansu mai suna Dom Gerle ko ƙofar ɗakin bai taka ba a ranar. Ta taga ana hango aradu tana faɗa wa cocin fadar sarki, iska na ta kaɗa labule. Mutum ɗaya tilo da ya ƙi rantsewa, Martin-Dauch, yana can gefe a zaune, hannaye harɗe a ƙirji, kai a sunkuye. Da David ya koma kan babban ƙyalle, tsirara ya fara zana mutanen, da niyyar sa musu tufafi daga baya. Bai gama ba har siyasa ta juya. Bailly, wanda ke tsaye kan tebur yana karanta rantsuwar, an fille masa kai a 1793.

Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a gaban zanen da Henry Fuseli ya yi a 1781: mace kwance tana barci, wani ɗan dodo ya yi zaman dirshan a kanta, doki mai fararen idanu ya leƙo ta labule. Dannau ne ƙarara. A bayan ƙyallen kuma akwai hoton wata mace da ba a ƙarasa ba, wadda masana ke kyautata zaton Anna Landolt ce, budurwar da ya nema bai samu ba. To, wa dannau ya danne, ita ko shi?

Fuseli ɗin nan yana da wani wasa a Rum. A ɗiga ɗigo biyar ko'ina a takarda, shi kuma ya zana mutum, kai da hannaye da ƙafafu kowanne a kan ɗigo.

Goya na Sifen ya fitar da zane 80 a 1799, aka sa su kasuwa a shagon turare da barasa. Na 43 shi ne mutumin da ya kifa kai a tebur, mujiyoyi da jemagu sun yi masa caa. Kalmar Sifaniyancin da ke rubuce a jikin teburin tana nufin barci, tana kuma nufin mafarki. Hankali ne ya yi barci dodanni suka fito, ko mafarkin hankalin ne ya haife su? Har gobe ana wannan musu.

William Blake ya zana Isaac Newton a dunƙule kan dutse, ya duƙufa yana awo, bai ko kalli kyan da ke kewaye da shi ba. Habaici ne ga masu bautar lissafi. Amma a 1995 Eduardo Paolozzi ya ƙera ƙaton mutum-mutumi daga wannan zane, yau yana harabar babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan. Zambo ya koma kirari.

Napoleon ma bai tsira ba. Antonio Canova ya sassaƙa shi zigidir a siffar Mars, gunkin yaƙin Rumawa, tsayinsa ya haura mita 3. Da mai jikin ya gani a 1811, ya hana a nuna wa jama'a. Bayan ya sha kashi a Waterloo, gwamnatin Birtaniya ta sayi mutum-mutumin ta ba Wellington, wanda ya ci Napoleon da yaƙi. Yana nan tsaye a gindin matakalar gidansa, Apsley House, a Landan.