Yadda Ake Yin Robar Birkin Basukur a Gida

Mu da muke zuwa gwajin koyarwa a makarantun ƙauye mun san darajar basukur. Amma da yawa cikinmu sukan goge shi har ya yi ƙyalli, su manta da birki. Ran nan ina gangarowa daga wani tudu, ashe robar birkina ta cinye, saura kaɗan in faɗa rafi da littattafan yara.

To, ga dabara. Sami guntun tsohuwar tayar mota, ka yanko wajen da babu waya. Kwance ɗan ƙarfen da ke riƙe da tsohuwar robar, ka zare ta, ka auna sabuwa da ita. Jiƙa wuƙa mai kaifi da ruwa ka fere, sa'an nan ka gyara da magagari har ta shiga gam.

Lura, ƙarfen nan gefe ɗaya a rufe yake. Rufaffen gefen shi zai dubi wajen da ƙafar basukur ke juyawa. In ka birkita shi, da zarar ka kama birki robar sai ta sulluɓe. Kada kuma mai ya taɓa ta. Gwada a fili tukuna kafin ka hau hanya. Rigakafi ya fi magani.